Awa Ɗaya Bayan Wuƙar Likita

Mai son ya san halin da aikin ciwon daji ke ciki a ƙasar nan, ya zo da hantsi ya tsaya a bakin tagar karɓar kaya ta ɗakin gwajin tsoka a Abuja, ya zuba ido ga mazuban da mutane ke miƙowa. Zai ga kwalbar mayonis da aka wanke. Zai ga bokitin kastad an naɗe bakinsa da filasta, da robar ruwan sha da aka yanke wa wuya, da 'yar kwalbar allura, wani lokaci ma safar hannun likita ce aka ƙulle bakinta aka jefa a baƙar leda. A cikin kowanne akwai yankin jikin mutum: ƙullutun da aka ciro daga nono, ɗan tsagi daga bakin mahaifa, guntun hanji, kaluluwar wuya. Mai ita yana can kwance a gado, ko a gida, yana jiran a gaya masa ko daji ne.

Kwalba mai ƙaramin baki ita ce babbar abokiyar faɗanmu. Ɗanyar tsoka tana da laushi, a cusa ta ta shige. Bayan ta kwana a cikin magani ta sandare, sai ta ƙi fitowa ta inda ta shiga. Dole a naɗe kwalbar da tsumma a fasa, a tsince gilashi daga jikin abin da za a yanka da wuƙar da ta fi reza kaifi.

Aikina ke nan. Mu ne masu kimiyyar ɗakin gwaji: shekara biyar a jami'a, shekara guda ta sanin makamar aiki, sannan lasisi daga hukumar da dokar 2003 ta kafa, wadda hedikwatarta ke nan Abuja. Likitan tsoka shi ke duba madubi ya yanke hukunci ya sa hannu. Mu ke mai da guntun nama ya zama abin da haske zai ratsa har ido ya karanta. Kowa ya san tsohuwar takaddamar da ke tsakanin ɓangarorin biyu a asibitocin ƙasar nan kan wa ke da ikon ɗakin gwaji, har da shari'a da yajin aiki. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, sau da yawa kafin kwalbar ta iso hannun ɗayanmu, an riga an gama yanke makomar abin da ke cikinta, kuma wanda ya yanke ɗin ba ya cikin masu takaddamar.

Tsoka tana rabuwa da jini take fara cin kanta. Sinadaran narkarwa da ke kulle a cikin ƙwayoyin halitta sukan ɓalle, ƙwayoyin cuta su samu ƙofa, zafin Abuja na watan Maris kuwa ya ƙara musu azama. Abin da ke tsayar da wannan ɓarna shi ne fomalin, ruwan nan mai hawa ido da mutane suka fi saninsa da adana gawa. Wani likita Bajamushe, Ferdinand Blum, yana gwada shi a birnin Frankfurt a 1893 don ya ga ko zai yi maganin ƙwayoyin cuta, sai ya lura fatar yatsunsa ta yi tauri. Daga nan aka gane yana ɗaure tsoka a yadda ya same ta. Har yau ba a samu abin da ya ture shi ba, duk da cewa a 2004 hukumar binciken ciwon daji ta duniya da ke Lyon a Faransa ta sa shi cikin abubuwan da ke haddasa daji. Wato da mai jawo cutar muke farautar cutar, muna shaƙarsa kullum, musamman a ɗakin da fankar zuƙe iska ta daɗe da mutuwa.

Fomalin yana da sharuɗɗa, kuma ba ya karɓar uzuri. Haɗin kashi 10 cikin ɗari ake so, wanda aka daidaita tsaminsa. Yawansa ya ninka girman tsokar sau goma aƙalla. Sannan ba shi da sauri: abin da yake ratsawa bai fi milimita guda a awa ba, kuma yana ƙara nutsawa yana ƙara nawa. Yi lissafi da kanka. Nono guda da aka cire ɗungurungum, ciwon yana can tsakiya, kitse mai kaurin santimita biyar ya kewaye shi. Kafin magani ya kai gare shi an kwana biyu ko fiye, bayan ya yi tauri gwanin kyau, cikin kuwa ya ruɓe. A gafarce ni da wannan misali, amma duk mai kilishin da ke Area 1 ya san wannan karatun ba tare da ya shiga aji ba. Ba ya shanya cinya guda a rana ya ce ta bushe. Shata ta yake yi fale-fale tun tana da ɗumi, don ya san rana da iska ba sa shiga kauri, kuma naman da ya fara juyawa ba labun da zai gyara shi. Ƙa'idar da ƙungiyoyin likitocin daji da na tsoka na Amurka suka fitar a 2010, wadda kusan duniya duka ke bi, abin da ta ce ke nan: a tsattsaga tsokar nono yanka-yanka kamar milimita biyar, a tsoma ta cikin fomalin kafin awa guda ta cika da cirewa, ta zauna a ciki daga awa 6 zuwa 72, a kuma rubuta lokutan a takarda.

To, wa ke tsaye a wurin a cikin wannan awa guda? Likitan tiyata yana fama da ɗinki da tsayar da jini. Mai sa barci idonsa na kan numfashi. Abin da aka ciro yana kan tire a gefe, kuma wanda zai waiwaye shi, in an yi dace, nas ce mai kai-kawo ko ma'aikacin da ke share ɗakin. In jarkar fomalin ta ƙare, ko an yi ta tsarma mata ruwan famfo don ta kai ƙarshen wata, sai a ɗauki abin da ke kusa: ruwan gishirin ƙarin ruwa, ko sifirit, ko a bar shi haka nan a bushe. Sai a kira ɗan'uwan majinyaci a danƙa masa, a ce ya kai Abuja.

Wani saurayi ya taɓa ajiye mini bokiti a taga ranar Litinin, daga wani ƙaramin asibiti can bayan Abaji.

"Sannu da aiki, Malam. Ga saƙon da likita ya ce a kawo."

"Na wa ne, ƙanena?"

"Na tsohuwarmu ne."

"Yaushe aka yi mata aikin?"

"Ran Alhamis. Sai da muka haɗa kuɗin mota da na gwajin. Amma wallahi na kula da shi, a firizar maƙwabta na sa, da aka ɗauke wuta ma ƙanƙara na sayo."

Ya kula da shi kuwa, iyakar saninsa, yadda ake kula da abu mai daraja. Ba wanda ya gaya masa cewa ruwan da ke cikin ƙwayoyin halitta in ya daskare tsinke-tsinke yake zama ya yayyaga su, in ya narke ya bar ramuka. Na karɓa na yi masa godiya, na tambayi jikin gyatumar. Me zan ce masa?

Abin da ke biyo baya aikin hannu ne, kuma ina son sa. Likitan tsoka zai auna, ya yanka, ya zaɓi guntaye kamar faɗin farce, a sa kowanne a ɗan akwatin roba mai huji-huji. Lambar da ke jikin akwatin da fensir ake rubuta ta. Biro da maka duk sinadaran gaba za su wanke su tas, a wayi gari da akwatuna arba'in ba suna. A ɗakin da ke da injuna na miliyoyi, fensir ne ke riƙe da nasabar kowace tsoka. Haka kuma suna a jikin kwalba ake liƙa shi, ba a murfi ba, don murfi yana iya musanya. Kuma a ƙasar da za ka samu A'isha uku a rana guda, kowacce sunan mahaifinta Muhammadu, lambar asibiti da shekaru ba ado ba ne.

Da yamma a jera akwatunan a inji ya kwana yana tsoma su: sifirit mai ƙara ƙarfi hawa-hawa ya tsotse ruwa, zailin ya kori sifirit, narkakken kaki mai zafin digiri 60 ko ƙasa kaɗan ya maye gurbin zailin. In wuta ta ɗauke da tsakar dare janareta bai tashi ba, kakin ya daskare da kayan a ciki. Da safe a zuba kowane guntu a ɗan mazubi, a daidaita fuskar da za a yanka, a bar shi ya huce ya zama dunƙulen kaki, wanda a wurin aiki bulo muke ce masa.

Sai injin yanka. Kana juya hannunsa da dama, bulon yana sauka yana gogar bakin wuƙa, kowane juyi yana fitar da yanki mai kaurin maikron huɗu. Gashin kanka ya ninka wannan fiye da sau goma. In bulon ya yi sanyi daidai, wuƙar kuma sabuwa ce, yankunan sukan riƙe juna su fito a jere kamar zare, kana tallafe da bakinsu da ɗan buroshi a hagu. A lokacin nan ba a numfashi da ƙarfi, ba a buɗe ƙofa, ba a kunna fanka komai zafi. Ka kwantar da su a kan ruwan ɗumi, ka ga tattararsu tana miƙewa a hankali, ka zura gilashi ta ƙasa ka ɗauko. Hannun da ya saba yana jin labarin tsokar tun kafin ido ya gani: wadda ta samu magani a kan kari tana yankuwa lumus, wadda ta ruɓe kuwa tana marmashewa ta bar rami a tsakiyar kakin.

Rini biyu ne ginshiƙin aikin tun ƙarni na 19. Ɗaya daga itacen wata bishiya ake samunsa, wadda asalinta yankin Campeche ne a Meziko, yana mai da cibiyar ƙwayar halitta shuɗi mai duhu. Ɗayan yana ba sauran jikinta launin hoda. Waɗannan biyun suna da haƙuri. Ko tsoka ta ɗan wahala, gogaggen likita zai iya dubawa ya ce wannan daji ne. A nan ne haɗarin yake, domin takarda za ta fita da sakamako, kowa ya ɗauka komai ya tafi daidai.

Amma a yau cewa "sankarar nono ce" rabin amsa ne. Akwai wadda ke rayuwa da sinadarin jikin mace, estrojin, tana da makama a cikin ƙwayoyinta da take cafke shi da su. Mai irin wannan, ƙwayar tamoxifen guda a rana, shekara biyar ko fiye, tana rage haɗarin mutuwa da cutar da kusan kashi ɗaya cikin uku, kuma tana cikin mafi arahar magungunan daji. Akwai mai ɗauke da alamar HER2, wadda tun 1998 aka samu maganin trastuzumab dominta, mai tsadar da ke sa a sayar da gona. Akwai kuma wadda ba ta da ko ɗaya, sai dai kimo. Ana bambance su da wani rini na daban, wanda ke neman makamar kanta ya manne mata ya ba da launin ƙasa-ƙasa. Wannan rinin ba shi da haƙuri ko kaɗan. Makamar estrojin tana cikin abubuwan da ke fara lalacewa in tsoka ta jima ba magani. Sai gilashi ya fito fes ba launi, a rubuta babu, alhali akwai. Mace ta rasa maganin da take iya saya, a tura ta ga wanda zai zubar mata da gashi ya ƙarar da gidan.

Mai gaskiya a wannan aiki yana da abin dubawa. A gefen ciwon yawanci akan samu lafiyayyun hanyoyin nono, waɗanda wasu ƙwayoyinsu dole su ɗauki launin. In su ma sun fito fari, to ba ciwon ne ya rasa makama ba, tsokar ce ta mutu kafin a tambaye ta. Abin da ya dace a rubuta shi ne ba za a iya yanke hukunci ba. Ba kowa ke son karanta wannan ba bayan ya biya kuɗi masu yawa, amma ya fi ƙaryar da ta zo da hatimi.

Ɓarnar ba ta tsaya kan majinyaci ɗaya ba, ta shiga har cikin littattafan ilimi. An daɗe ana cewa sankarar nonon matan Afirka galibinta ba ta da makamar estrojin, har wasu suka ɗauki hakan kamar hukuncin halitta. Wani babban bincike da aka buga a 2009 kan mata fiye da 500 daga Najeriya da Senegal ya samu makamar a kusan ɗaya cikin huɗu kawai. Amma shekara guda kafin shi, Farfesa Clement Adebamowo da abokan aikinsa a Ibadan, waɗanda suka tsaya tsayin daka kan yadda ake adana tsokar tun daga ɗakin tiyata, sun same ta a kusan biyu cikin uku. Da aka tattara binciken nahiyar gaba ɗaya aka auna a 2014, sai aka ga inda aka tara tsoka da niyyar bincike tun farko, adadin ya fi na inda aka kwaso tsofaffin bulo daga ma'ajiya. Wannan bai nuna cewa bambanci duk na kwalba ne ba. Matanmu suna kamuwa da ƙuruciya, irin nan mai zafi da ba ta da alama ko ɗaya ta fi yawa a Afirka ta Yamma, kuma aikin Farfesa Olufunmilayo Olopade, 'yar Najeriya da ke Jami'ar Chicago, ya nuna a 2018 cewa kusan ɗaya cikin bakwai na matan Najeriya masu cutar da aka gwada suna ɗauke da gadon ƙwayar halitta mai jawo ta. Sai dai ba za mu san iyakar abin da yake na jini da abin da yake na sakaci ba sai mun gyara na sakacin.

Sau ɗaya dai na san jinkirin hanya ya zama alheri. A watan Disamba na 1963, jirgin da ya ɗauko tsokar wata yarinya mai dajin muƙamuƙi daga Uganda, daga hannun Denis Burkitt zuwa ga Anthony Epstein a Landan, hazo ya karkatar da shi zuwa Manchester. Da saƙon ya iso ruwansa ya gurɓace, kamar ya lalace. Epstein ya ɗiga shi a gilashi ya duba maimakon ya zubar, sai ya ga ƙwayoyin ciwon ne suka warware suna yawo da ransu. Daga su aka gano ƙwayar cutar Epstein-Barr a 1964, ta farko da aka danganta da daji a jikin mutum. A shekarar 1963 ɗin dai, a Ibadan, an raya ƙwayoyin irin wannan ciwo daga wani yaro ɗan shekara 11, kuma har yau zuriyarsu na nan a ɗakunan gwaji na duniya. Amma waccan tsokar ta Uganda da rai aka so ta iso, kuma irin wannan dace ba a kafa asibiti a kansa.

Ƙididdigar hukumar Lyon ta 2022 ta kiyasta cewa mutum fiye da 120,000 ke kamuwa da daji a Najeriya a shekara, kusan 80,000 ke mutuwa, na nono ne kan gaba. Irin waɗannan alƙaluma daga rajistoci suke tasowa, kamar ta Ibadan da aka kafa a 1960 da ta Abuja da ke Asibitin Ƙasa tun 2009, kuma shigarwar da ta fi ƙarfi a kowace rajista ita ce wadda madubi ya tabbatar. Gwamnati ta yi motsi: akwai asusun tallafa wa masu dajin nono da na bakin mahaifa da na mafitsarar maza, akwai Cibiyar Bincike da Maganin Ciwon Daji ta Ƙasa da aka yi dokarta a 2017 ta fara aiki a 2023. Ina murna da su. Amma mu mutane ne masu son abin da ake yanke wa ƙyalle a ɗauki hoto: injin gashi, sabon gini, na'urar karanta ƙwayoyin gado. Ban taɓa ganin an yi bikin ƙaddamar da jarkar fomalin da bokiti mai faɗin baki a ɗakin tiyatar ƙaramin asibiti ba, ko horon yini guda ga nas da mai shara kan duba agogo. Injin na biliyoyi kuwa abin da bokitin ya ba shi zai karanta.

Akwai tsokar da ba ta zuwa ma sam. Wasu iyalai in an ba su sai su kai gida su binne, don jikin ɗan Adam yana da alfarma, kuma ban ga laifin niyyar ba. Laifin na wanda bai zaunar da su ya bayyana musu cewa amsar ciwon tana cikin abin da za su binne ba. Wasu kuwa tun farko ba sa yarda a tsaga, saboda maganar nan da ta zauna a bakin mutane cewa daji ba ya son ƙarfe. Abin da ke ƙarfafa maganar shi ne yawancin masu zuwa sun riga sun makara, sai a ga an taɓa su sun rasu, a ɗora wa allura abin da watannin jira suka yi.

In an yi wa naka aiki aka miƙo maka abin da aka ciro, kana da ikon tambaya, cikin ladabi: fomalin ne a ciki, ya kuma shanye kan tsokar? An tsaga ta? An rubuta ƙarfe nawa aka cire, ƙarfe nawa aka tsoma? Kada ka sa a firiza, kada ka jira ƙarshen wata, ka kuma riƙe lambar da ɗakin gwaji zai ba ka kamar yadda kake riƙe takardar fili. Domin in abin ya kai ga tafiya Masar ko Indiya, likitocin can ba sa tsayawa kan takardar sakamako, bulon da gilasan za su ce a kawo su sake yankawa da kansu. Muna naɗe wa mutane su a auduga mu sa a ambulan su tafi da su filin jirgi. Wasu a karanta a fara magani a makon. Wasu a ce musu tsokar ba ta karantuwa, sai an sake ɗiba, in akwai sauran abin ɗiba.